Na gaji fayafayen Nat King Cole, ta ina zan fara sauraro?

Ɗan Gangare ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon manya da masana a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi aikin akawu a wani kamfanin kuza a Bukuru har ya yi ritaya. Da aka zo rabon gado, sai aka jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gadonsa, aka tarar da fayafayen garmaho guda 23 a ciki, kowanne a rigarsa ta kwali, an kuma jera tsofaffin jaridu a tsakaninsu don kada su goge juna. Babu wanda ya nuna sha'awa a cikin 'yan'uwana, har wata ƙanwata ta ce a bai wa yara su yi wasa da su, saboda haka suka faɗo a kasona ba tare da wata jayayya ba.

Da na zauna na duba, sai na ga 11 daga ciki na mutum ɗaya ne, wato Nat King Cole. Akwai biyu na Frank Sinatra, uku na Jim Reeves, sauran kuma kiɗan hailaif ne da na Hausa, har da na Ɗan Maraya Jos. A bayan kowace riga Baba ya rubuta ranar da ya saya da tawada mai launin shuɗi, mafi tsufa 1959, na ƙarshe 1968. Ina iya tuna shi ranar Lahadi bayan la'asar, yana share faifai da wani ƙyalle mai ruwan ɗorawa kafin ya ɗora allura, mu kuwa an hana mu gudu a tsakar ɗaki don kada allurar ta yi tsalle.

Garmahon ya daɗe da lalacewa, don haka na nemi waƙoƙin a YouTube na saurara. Gaskiyar magana ita ce, a karon farko duk sun yi mini kama da juna, tafiyarsu a hankali take, babu gangar da za ta motsa mutum, kuma sau biyu barci yana ɗauke ni. Amma na san Baba ba mutum ne mai ɓarnar kuɗi ba, kuma wanda ya yi shekara tara yana tara fayafayen mawaƙi ɗaya da albashin akawu, lalle akwai abin da yake ji wanda ni ban kai ga ji ba.

Wani abu kuma ya ƙara ɗaure mini kai. Akwai waƙa mai suna "Stardust" a faifan Cole, kuma ga ta a faifan Sinatra, amma sunayen da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashinta ba na ɗayansu ba ne. Bugu da ƙari, ta Sinatra tana ƙarewa a daidai wurin da ta Cole take shirin kama hanya, har na zaci an yanke ta ne. To waƙar wane ne a cikinsu, kuma wane ne ya ɗauki ta wani? Me ake saurare a irin wannan waƙa? Sannan idan na sami garmaho, yaya zan yi in sa waɗannan fayafayai ba tare da na lalata su ba?

Tsohon Ma'aikacin Rediyo ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinka, ya sa ya huta. Ɗana, tambayarka ta farko ita ce mabuɗin sauran, domin muddin kana neman mai waƙar a tsakanin Cole da Sinatra, ba za ka same shi ba.

Mu Hausawa mun saba da cewa waƙa ta mai bakinta ce. Idan aka ce Bakandamiyar Narambaɗa ko ta Shata, to shi ya ƙaga ta, shi ya rera ta, kuma duk wanda ya maimaita ta kwaikwayo yake yi. A Amurka kuwa, daga wajejen 1920 zuwa tsakiyar shekarun 1950, sana'ar a rabe take. Akwai masu ƙaga karin waƙa, akwai masu rubuta baitoci, kuma yawancinsu suna aiki ne da kamfanonin buga takardun kiɗa na birnin New York, a unguwar da ake yi wa laƙabi da Tin Pan Alley, ko suna rubutawa don wasannin dandamali na Broadway da finafinan Hollywood. Irving Berlin da Cole Porter da George Gershwin da ɗan'uwansa Ira duk daga wannan layi suka fito. Idan waƙa ta fito ta karɓu, kowane mawaƙi yana da damar ɗaukarta ya rera, a biya marubutan haƙƙinsu. Waɗanda suka jure aka ci gaba da rera su shekara da shekaru, su ne Turawa suke kira "standards". Ni nakan ce musu waƙoƙin gandu, domin gona ce ta gida gaba ɗaya, kowa yana shiga da fartanyarsa, sai dai a gane gwani ta kyan kunyarsa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu idan ka yi tunani. Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi ce, amma sau nawa ka ji ta a bakin masu bara daban-daban, wani ya ja ta har ka tsaya cak a bakin kasuwa, wani kuma ya wuce da ita ba ka ma lura ba? Baitocin ba su sauya ba, mai rerawa ne ya sauya.

Ita "Stardust", Hoagy Carmichael ne ya ƙaga karinta a 1927, Mitchell Parish ya sa mata baitoci a 1929, lokacin Cole yana ɗan shekara goma. Irin waɗannan waƙoƙi sukan zo da ɓangare biyu, wato shimfiɗa, wadda take kamar gabatarwa, sannan uwar waƙar da kowa ya sani. Mawaƙa da yawa sukan tsallake shimfiɗar. Cole ya rera duka biyun a faifansa na 1957 mai suna *Love Is the Thing*, shi kuwa Sinatra, a faifan *Sinatra and Strings* na 1962, ya rera shimfiɗar ita kaɗai ya tsaya, da gangan. Saboda haka ba a yanke maka komai ba, kuma wannan abin da ya ɗaure maka kai shi ne darasinka na farko: mutum biyu sun sami waƙa ɗaya, kowa ya yanke shawarar abin da zai yi da ita.

Batun sanyin murya kuwa, makirufo ne ya haife shi. Kafin 1925, ana ɗaukar murya ne ta wani ƙaton mazurari, dole mawaƙi ya buɗe maƙogwaro kamar sanƙira a filin biki, in ba haka ba allurar da ke zana faifan ba za ta motsa yadda ya kamata ba. Da aka fara ɗauka da lantarki, sai ya zamana mutum zai iya matsowa kusa da makirufo ya yi waƙa kamar yana magana da wanda ke zaune a gefensa. Bing Crosby ne ya fi kowa yaɗa wannan salo a shekarun 1930, aka riƙa kiran masu yinsa "crooners", daga kalmar da ke nufin rera waƙa ƙasa-ƙasa kamar mai reno. Kai da ka tashi a Jos ba ka buƙatar dogon bayani, domin ka san bambancin makaɗin fada da 'yan amshinsa da taushinsa, da kuma Ɗan Maraya shi kaɗai da kuntiginsa yana yi maka zance kamar ku biyu ne a zaure. Kunnen da kake sauraron Ɗan Maraya da shi, shi za ka kawo nan.

Shawarata ita ce ka bar sauraron faifai sukutum. Ka ɗauki waƙa ɗaya tak, ka saurare ta sau uku a jere da dare bayan gida ya yi shiru. A karo na farko ka bi kalmomin kawai. A na biyu ka lura da inda yake jan numfashi, za ka tarar yakan haɗa layi biyu da numfashi ɗaya idan ma'anar ba ta cika ba, ya kuma tsaya a tsakiyar layi idan akwai kalmar da yake so ta zauna maka. A na uku ka riƙa buga yatsa a gwiwa daidai da tafiyar kiɗan, za ka ga sau da yawa muryar tana sauka kaɗan bayan bugun, kamar mutumin da ya san mota ba za ta tashi ta bar shi ba. Wannan ɗan jinkiri shi ne rabin gwanintar. Bayan haka sai ka nemi waƙar a bakin wani, misali "When I Fall in Love", wadda Doris Day ta yi fice da ita a 1952 kafin Cole ya rera tasa, ka kwatanta.

Kada kuma ka manta da mutum na uku, wato mai tsara kiɗa, wanda sunansa yake a bayan rigar faifan. Shi yake yanke wa kowane makaɗi abin da zai buga da lokacin da zai yi shiru. Nelson Riddle ne ya tsara "Mona Lisa" a 1950 da "Unforgettable" a 1951, kuma shi ne ya koma ya yi aiki da Sinatra a kamfanin fayafayai na Capitol. Gordon Jenkins ne ya tsara *Love Is the Thing*, inda ya shimfiɗa kayan goge masu yawa a ƙarƙashin muryar kamar katifa. A ganina wannan faifai shi ne ƙololuwar aikin Cole, kuma in da za a ce in fita da ɗaya daga gidan da ya kama da wuta, shi zan ɗauka. Sanda nake aiki, idan shirin dare ya kusa ƙarewa kuma saura minti uku da ɗoriya, shi nake miƙa wa hannu ba tare da na duba ba.

Malamar Turanci ta amsa:

Baba Tsohon Ma'aikacin Rediyo ya gama magana a kan tushe, ni kaɗan zan ƙara ta fuskar harshe. Na yi shekaru ina koyar da Turanci a sakandare, kuma ban taɓa samun wanda ya fi Nat King Cole fitar da haruffa ba. Ba ya haɗiye ƙarshen kalma, kuma ba ya tauna wasula, shi ya sa ko wanda Turancinsa bai yi nisa ba yana iya rubuta baitocinsa daga ji kawai. Na sha gwada wannan da ɗalibaina, in sa musu "Smile" a ƙaramar rikoda in ce su rubuta abin da suka ji, kuma 'yan bayan aji ma sukan kawo fiye da rabi daidai. Ina zaton wannan yana cikin dalilan da suka sa akawuna da malaman makaranta na zamanin mahaifinka suka riƙe shi. Ita "Smile" ɗin ma misali ce ta abin da Baba ya faɗa, domin Charlie Chaplin ne ya ƙaga karinta don fim ɗinsa na 1936, ba ta da kalma ko ɗaya sai a 1954 da aka rubuta mata baitoci, Cole ya rera ta a wannan shekara.

Abu na biyu, Malam, yana da kyau ka san wane ne yake wannan waƙa mai sanyi da kuma halin da yake ciki. An haife shi a 1919 a Montgomery ta jihar Alabama, ya girma a Chicago, baƙar fata a ƙasar da wariyar launi take bisa doka a jihohin kudu. A 1948 ya sayi gida a unguwar Hancock Park ta Los Angeles, maƙwabta fararen fata suka yi ta ƙoƙarin korarsa, ya ƙi tashi. A watan Afrilun 1956 wasu suka hau dandamali suka kai masa hari yana tsakiyar waƙa a Birmingham, a jihar da aka haife shi. A ƙarshen wannan shekara ya fara gabatar da shirinsa a talabijin na NBC, manyan mawaƙa suna zuwa masa baƙunta, amma shirin ya tsaya a Disambar 1957 domin babu babban kamfanin da ya yarda ya ɗauki nauyinsa a faɗin ƙasar.

Yanzu ka lissafa da kanka: faifan da Baba yake yabo an ɗauke shi ne a ƙarshen 1956, watanni kaɗan bayan harin. Tun da na san wannan, na daina jin natsuwar muryarsa a matsayin ta mutumin da duniya ta kwanta masa. Na fi jin ta kamar ta dattijon da aka zaga a bainar jama'a, ya gyara zaman rawaninsa ya ci gaba da maganarsa. Ya rasu a watan Fabrairun 1965 yana da shekara 45, sakamakon cutar dajin huhu, domin ya kasance mai yawan shan taba.

Mai Piyano na Tudun Wada ya amsa:

Da girmamawa ga Baba, ranka ya daɗe, amma a nan zan ɗan saɓa. Idan aka tura wanda ya ce barci yana ɗaukarsa zuwa faifan da babu komai a cikinsa sai goge, to an ƙara masa matashi ne. Ni a coci na koyi piyano a nan Jos, kuma ta hannu na san Cole kafin in san shi ta baki. Shi ma a coci ya fara, mahaifinsa fasto ne, mahaifiyarsa ce ta fara koya masa, sannan ya tashi yana koyi da salon Earl Hines a Chicago. Kafin duniya ta san muryarsa, makaɗin jaz ne na sahun gaba.

A 1937 ya kafa ƙungiyar mutum uku a Los Angeles, shi a piyano, Oscar Moore a jita, Wesley Prince a bes, babu mai ganga ko ɗaya, a zamanin da ake yayin ƙungiyoyi masu makaɗa goma sha biyar. Rashin gangar nan ya sa dole kowa ya riƙe tafiyar kiɗan da hannunsa, kuma daga nan ne jinkirin da Baba ya ambata ya samo asali. Mutumin da yatsunsa suka san inda bugu yake ba ya tsoron barin muryarsa ta makara. Oscar Peterson ya gina tasa ƙungiyar a kan wannan tsari, Ray Charles kuma ya fara sana'a yana kwaikwayon Cole kafin ya sami tasa hanyar. Da "Mona Lisa" da ire-irenta suka kawo kuɗi, sai ya tashi daga kujerar piyano ya tsaya a gaban makirufo, masoya jaz da yawa suka ce ya sayar da baiwarsa. Ban kai su zafi ba, domin mutum yana da iyali, amma na fahimci takaicinsu.

Ɗan'uwa, ka duba cikin adakar ko akwai faifai mai suna *After Midnight*, wanda ya fito a 1957. A nan ya koma kan piyano da 'yan makaɗa kaɗan, yana gayyato baƙo ɗaya a kowace waƙa, har da Stuff Smith mai goge da Juan Tizol, wanda yana cikin waɗanda suka ƙaga "Caravan". Ka fara da "It's Only a Paper Moon". Za ta kuma koya maka ginin da yawancin waƙoƙin nan suke bi: zango huɗu masu tsawo ɗaya, na farko ya zo, a maimaita karinsa da wasu kalmomi, na uku ya kauce zuwa wani kari dabam wanda makaɗa suke kira gada, na huɗu ya dawo gida. Da zarar kunnenka ya gane gadar nan, ba za ka ƙara cewa duk kama suke da juna ba, domin a nan ne kowane marubuci yake nuna wayonsa, kuma a nan ne ake gane mawaƙin da ya san inda za shi.

Wata fa'ida kuma: a 1961 ya sake ɗaukar tsofaffin waƙoƙinsa da sabuwar na'ura mai fitar da sauti ta lasifika biyu, a tarin da aka kira *The Nat King Cole Story*. Sau da yawa abin da kake ji a intanet wannan maimaicin ne, ba na asali ba. Muryar 1961 ta fi kauri da zurfi, ta farkon kuwa ta fi sauƙi da wasa, saboda haka kada ka yi mamaki idan faifan mahaifinka ya bambanta da abin da ka saba ji a waya.

Mai Gyaran Rediyo ya amsa:

Ni ba masanin waƙa ba ne, amma garmaho ya sha wucewa ta hannuna, don haka zan amsa tambaya ta uku. Da farko ka rarrabe fayafayen. Masu nauyi da tauri, waɗanda suke da waƙa ɗaya a kowace fuska, masu juyi 78 ne a minti, kuma suna fashewa kamar tangaran idan suka faɗi. Manya marasa nauyi masu waƙa biyar ko shida a fuska, masu juyi 33 ne da sulusi, ƙanana masu waƙa ɗaya ko biyu kuma 45. Allurar 78 ta fi kauri, idan ka ɗora ta a kan mai 33 za ta ci layukan, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Tun da mahaifinka ya fara saye a 1959, ina kyautata zaton yawancinsu masu 33 ne.

Kada ka sa tsohuwar allurar da ka tarar a jikin kowane garmaho, ka sayi sabuwa, domin allurar da ta dakushe ta fi ƙura ɓarna. Wajen wankewa, ka sami tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ka tabbatar ba mai asid ba ne, ka ɗiga sabulun wanke kwano kaɗan, ka bi layukan a kewaye da ƙyalle mai laushi, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya, sannan ka jingine shi a inuwa ya bushe. Sifirit kuwa kada ya kusanci masu 78, narkar da su yake yi. Ka cire jaridun nan, ka jera fayafayen a tsaye kamar littattafai, nesa da taga da bayan firiji. A lokacin hunturu ƙura takan manne musu saboda bushewar iska, sai ka share kowace fuska kafin ka sa, kamar yadda ka ga mahaifinka yana yi.

Abu na ƙarshe, idan za ka sayi na hannu, ka duba bayansa. Wutarmu irin ta Ingila ce, mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 60. Tsofaffin garmaho da yawa da bugun wuta suke auna gudunsu, don haka wanda aka yi don Amurka, ko ka sa masa taransifoma, zai riƙa juyawa a hankali da kusan kashi ɗaya cikin shida. Wani ya taɓa kawo mini irinsa yana cewa mawaƙin ya koma kamar mai mura, alhali injin lafiyarsa lau.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo ya sake amsawa:

Mai Piyano, na karɓi gyara ta fuskar inda ya kamata mai koyo ya fara, amma ban karɓi cewa ya yi asara da ya miƙe tsaye ba. Masu iya piyano kamarsa a zamaninsa za a iya lissafa wasu, masu murya irin tasa kuwa ban san na biyu ba. Kuma ka lura da cewa fayafayen biyu da muke jayayya a kansu a shekara ɗaya aka ɗauke su, a situdiyon kamfani ɗaya, wanda yake nuna cewa shi bai ga saɓanin da muke gani ba. Ɗana, ka saurari na Mai Piyano da rana, ka ajiye nawa sai dare.

Ɗan Gangare ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na jinkirta amsa ne domin ina so in gwada kafin in yi magana. Babu *After Midnight* a cikin adakar, amma *Love Is the Thing* yana nan, bugun Ingila, kuma rigarsa ta fi ta kowanne tsufa, har gefenta ya rabu an ɗinke shi da zare baƙi, ɗinkin da na gane hannun mahaifiyarmu ne. Wani abokin aikina ya ara mini garmahonsa, na sayi sabuwar allura kamar yadda Mai Gyara ya ce, na wanke faifan na bar shi ya kwana.

Daren Juma'a na sa "Stardust" sau uku. A karo na uku, ina buga yatsa a gwiwa, na kama jinkirin da Baba Tsohon Ma'aikacin Rediyo ya faɗa a daidai wurin da shimfiɗa take ƙarewa uwar waƙa take shigowa, inda yake ɗan dakatawa har ka zaci ya manta. Ba zan ce na fahimci komai ba, kuma har yanzu kunnena ya fi karkata ga waƙoƙin da Mai Piyano ya nuna mini, waɗanda na nema a waya. Amma barci bai zo ba.

Ana cikin haka Hajiya ta fito daga ɗakinta da carbi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta ce komai ba har waƙar ta ƙare. Sannan ta ce in ɗaga allurar kafin waƙa ta huɗu, domin akwai tabo a wurin tun shekarar da aka haifi yayanmu, kuma tsalle take yi. Na bar ta don in gani, ta kuwa yi tsallen. Mai Gyara, ko akwai dabarar da ake yi wa irin wannan tabo, ko haƙuri ne kawai?